ZAFIN KANO DABAN, NA LANDOVER DABAN: NASIHA GA 'YAN'UWA MASU AIKIN ƘARFI

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. In kana bakin aiki ka ajiye shi, in ka tashi ka karanta a nutse. Musamman kai da ba ka cika shekara biyu a ƙasar nan ba, da kai nake.

A tsakiyar watan Yulin 2024, makon da zafi ya kai 104 a ma'aunin Amurka a filin jirgin Reagan, muna sauke kaya daga cikin tirela a wani sito a nan Landover, ni da wani ƙanenmu da bai fi mako uku da zuwa ba. Na miƙa masa ruwa, na ce ya fito ya sha iska. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ni fa ɗan Maraɗi ne. Wannan ai ba zafi ba ne." Kafin la'asar yaron nan ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, yana kiran sunan wanda ba ya wajen. Muka kwantar da shi, muka yi ta kwara masa ruwan ƙanƙara, wani ya kira 911. Allah Ya yi da sauran kwana a gaba. Sai da ya kwana biyu a asibiti ana duba ƙodarsa, ya kuma yi mako biyu bai fita aiki ba.

Wannan kalma ta "ni na saba" ita ce nake so mu zauna mu duba. Na sha jin ta a bakin 'yan Sakkwato, 'yan Kano, 'yan Agadas, ni ma na faɗe ta. Gaskiya ne mun taso cikin rana. Amma jiki ba ya aiki da jarumta, kuma ba ya tambayar garin da aka haife ka. Yana da ƙa'idarsa, in ka san ta za ka yi aikinka lafiya a bazara da hunturu. In ba ka sani ba, ƙasar nan za ta koya maka da tsada.

JIKINKA MURHU NE

Abincin da ka ci shi ne itacen. Dare da rana jiki yana ƙona shi, hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa da tsoka kowanne yana fitar da zafi. Ko kana kwance ba ka komai, zafin da kake fitarwa ya kusa na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100. Da ka fara ɗaga kwali ko tura kaya, sai tsoka ta ninka wannan zafin sau biyar ko fiye. Domin a cikin ƙarfin da tsoka take ƙonawa, wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai yake zama aiki, saura duk zafi ne da ya zama dole ya fita.

Shi kuma cikin jiki yana so ya tsaya a 37 a ma'auninmu na gida, wato 98.6 a nasu. Akwai wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa da aikinsa ke nan, gadin wannan lamba. In zafi ya yi yawa ya tura jini zuwa fata ya saki gumi. In sanyi ya yi yawa ya janye jini ciki ya sa ka rawar ɗari. Filin da yake da shi ɗan kaɗan ne. In cikin jiki ya haura 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda sun fara shiga haɗari. In ya sauka ƙasa da 35, zuciya da tunani sun fara rikicewa.

Tunda ma'aunin nan yana ruɗa mu, riƙe waɗannan: 32 nasu shi ne 0 namu, inda ruwa yake daskarewa. 50 shi ne 10. 68 shi ne 20. 86 shi ne 30. 95 shi ne 35. 104 shi ne 40.

ƘOFOFI HUƊU DA ZAFI YAKE FITA

Ta farko, huci. Ka san yadda bangon ɗaki yake huci da daddare bayan ya sha rana? Haka jikinka yake yi wa duk abin da ya fi shi sanyi, ko da ba ku taɓa juna ba.

Ta biyu, taɓawa. Ka zauna a bencin ƙarfe a tashar Metro ta Landover da asuba a watan Janairu, za ka ji yana zuƙe ka. Ruwa ya fi kowa wannan sata, yana jan zafi daga jiki wajen ninki 25 fiye da iska.

Ta uku, kaɗawar iska. Jiki yana ɗumama 'yar iskar da ke manne da fata, iska mai kaɗawa ta zo ta kwashe ta. Shi ne hikimar fifita koko.

Ta huɗu, bushewar gumi. Wannan ita ce babba a lokacin zafi, kuma iyayenmu sun san ta tun kafin a kawo firiji. Me ya sa ruwan randa yake da sanyi? Saboda randa tana tsattsafo, iska tana busar da jikinta, bushewar nan tana tafiya da zafi. Da wannan dabarar ce malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To kai ma randa ne. Numfashinka ma yana fitar da ɗan zafi ta wannan hanya, shi ne tururin da kake gani a bakinka da sanyi.

Abin lura a nan: gumin da ya bushe a fatarka shi ne yake sanyaya ka. Wanda ya tsiyaye ƙasa ko ya jiƙa riga ya zauna, asarar ruwa ce kawai.

INDA AKA BAMBANTA

A Kano ko Sakkwato cikin watan Maris da farkon Afrilu, zafi yakan kai 40 har ya wuce, amma iskar a bushe take. Ka yi shanya, kafin ka juya ta bushe. Gumi yana fitowa yana bushewa, randarka tana aiki. Ga shi kuma a gida muna da tsari. Rana ta take, kowa ya nemi inuwar darbejiya, manomi ya tashi daga gona, sai la'asar a koma.

A nan kuwa iskar bazara a jiƙe take. Ga kogin Potomac, ga Anacostia, ga mashigin ruwan Chesapeake, ga iskar da take tasowa daga teku. Iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ina za ta sa guminka? Ka sa randa a banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi ka gani ko za ta yi sanyi. Kuma in zafin waje ya kai wajen 95, ya yi daidai da na fatarka, ƙofofin nan uku na farko sun rufe, har ma zafi ya riƙa shigowa ta cikinsu. Saura gumi kaɗai, shi kuma danshi ya ɗaure shi. Ga murhu yana ci a ciki saboda kana aiki, agogo kuma ba ya tsayawa don rana ta take.

Shi ya sa lambar farko da wayarka take nunawa ba ta isa ba. Duba ta ƙasanta, wadda take gaya maka yadda jiki zai ji zafin in an haɗa da danshi. A lissafin hukumar yanayi ta ƙasar nan, 90 da danshi kashi 60 cikin 100 daidai yake da 100 a jiki. Kuma lissafin inuwa ne, tsakar rana tana iya ƙara har 15 a kai. Balle cikin tirela, ko kan rufin gida, ko kicin, ko ɗakin wanki da guga inda 'yan'uwanmu mata da yawa suke aiki.

Sabo kuwa gaskiya ne akwai shi, amma ba gado ba ne. Jiki yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 yana koyon aiki cikin zafi, yana kuma mantawa cikin 'yan makonni in an daina. Kai da ka yi wata biyar cikin sanyi, sabonka na gida ya tafi. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata ta ce kusan uku cikin huɗu na waɗanda zafi yake kashewa a wurin aiki, a makon farko ne suke rasuwa. Sabon zuwa, mai son ya nuna wa oga shi ba rago ba ne, shi ne a bakin rami.

ABIN YI A BAZARA

1. Sha ruwa kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20 in kana aiki cikin zafi, kada ka jira ƙishirwa. Kada kuma ka wuce lita ɗaya da rabi a awa, yawansa ma yana da illa.

2. Fitsarinka shi ne ma'auninka. In ya yi duhu kamar shayi ko ya ƙi zuwa, ƙodarka tana kuka.

3. Ka ci abinci, gishirin da ya fita da gumi a nan zai dawo. Lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari da direbobi da masu aikin dare suke sha ba ya maye gurbin ruwa.

4. Riga sakakkiya, mai haske, mara nauyi. Jiƙa tawul da ruwan sanyi ka ɗora a wuya.

5. In kana shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, ko kana da ciwon suga, tambayi likitanka tun kafin Yuni.

6. In za ka yi azumin nafila ko ramuwa a Yuli, ka duba ranar hutunka.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, kasala. Ka ji haka, tsaya, shiga inuwa, sha ruwa. Kada ka ce maleriya ce ta tashi. Kuma kada ka jira ka ga ɗan'uwanka ya yi ja kamar yadda hotunan bangon kamfani suke nunawa, a fatarmu ba lallai a gani ba. Halinsa za ka duba. In ya fara ruɗewa, ko surutai, ko faɗa ba dalili, ko ya faɗi, ko jijjiga, ko da yana gumi, wannan bugun zafi ne kuma yana kisa. Ba iskokai ba ne. Kira 911 nan take. Kafin su iso cire masa kaya masu nauyi, a kwara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita. Ka yi addu'arka hannunka yana zuba ruwa. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Farasitamol ba ya maganin wannan, don ba zazzaɓi ba ne.

SAI KUMA SANYI

Danshin nan da ya hana zafi fita a bazara, shi ne kuma yake sace maka shi a hunturu. Ni kaina na ɗanɗana. Shekarata ta farko na tashi aikin dare na yi gumi sharkaf, singiletin auduga a ciki, ƙatuwar jaket a waje, na tsaya jiran bas a Landover Road. Minti talatin ban iya riƙe wayata ba, haƙorana suna haɗuwa. Ina ta mamaki, ga jaket mai tsada. Ashe ɓarawon yana ciki, jiƙaƙƙiyar singiletin nan ce.

Ɗarin hunturunmu na gida busasshe ne, kuma hantsi yana yi ya sake ka. Na nan yakan wuni ƙasa da 32, ga iska, ga ruwa, ga dusar ƙanƙara. Waɗanda suke nan a Janairun 2016 sun ga wadda ta rufe gari, har Metro ta tsaya. Kuma ba sai an yi ƙanƙara ba, ko a sama da 40 nasu, mutumin da ruwa ko gumi ya jiƙa zai iya shiga haɗari.

Tufa ba ta ƙirƙirar zafi. Aikinta ta tsare iskar da jikinka ya ɗumama. Don haka riguna uku marasa kauri sun fi ƙatuwa ɗaya. Ta ciki ta zama irin ta 'yan ƙwallo ko ta ulu, wadda ba ta riƙe gumi, ban da auduga. Ta tsakiya suwaita. Ta waje mai tare iska da ruwa. In aiki ya yi zafi cire ɗaya tun kafin ka jiƙe, in ka tsaya ka mayar. Shadda da yadi a bar su ranar Juma'a, su ma da wani abu a ƙarƙashi. Hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmin da ruwa ba ya shiga kuma bai matse ba, domin matsi yana hana jini zagayawa. Sa safa ta biyu a jaka. In ka yi alwala, goge ƙafarka ta bushe sosai kafin ka mayar da safa.

Kada ka fita da yunwa, murhu ba ya ci ba itace. Shayi da kunu da koko suna taimako. Sigari tana tsuke jijiyoyin jinin yatsu. Giya kuma yaudara ce, tana buɗe jijiyoyin fata mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa ne yake zubewa.

Rawar ɗari alama ce jiki yana kokawa. Abin tsoro shi ne mutum ya daina rawar ɗarin alhali yana cikin sanyin, harshensa ya yi nauyi, hannu ya kasa riƙe abu, barci ya fara ɗibarsa. Kira 911, shigar da shi ciki, cire jiƙaƙƙun kaya, lulluɓe ƙirji da wuya da kai tukuna. Yatsa ko kunnen da ya mutu, ya yi tauri, ya koma ruwan toka, kada a murza shi, kada a kara shi a hita ko murhu, domin ba ya jin zafi, zai ƙone ba a sani ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa shi, sannan asibiti.

GAWAYI A ƊAKI, DON ALLAH A'A

A gida mukan shiga da kaskon wuta ɗaki, kuma ko a can ana samun waɗanda ba sa tashi. Gidajen nan a toshe suke ruf, iska ba ta shiga. Gawayi yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji ciwon kai da barci, shi ke nan. Hukumar CDC ta ce sama da mutum 400 take kashewa duk shekara a Amurka, ban da na gobara. Kada a kunna gawayin gashi ko janareta a cikin gida ko gareji. Kada a buɗe murhun gas don ɗumama ɗaki. Hajiya, in kin sa turaren wuta ki ɗan buɗe taga, ki kashe garwashin kafin a kwanta. Direba, in dusar ƙanƙara ta rufe motarka, share bakin salansa kafin ka zauna ciki da inji a kunne. Ku sa na'urar da take ƙara in gubar nan ta taru, kuɗinta kaɗan ne. Hita ta lantarki kuma a ba ta tazarar ƙafa uku daga labule da katifa.

"IN NA HUTA ZA A KORE NI"

Na san wannan ita ce ainihin maganar. Akwai haya, akwai bashin tafiya, akwai waɗanda suke jiran saƙo a ƙarshen wata. Ba zan ce maka tsoron nan ba shi da tushe ba. Amma ka san abin da yake hannunka.

A watan Agustan 2024 zafi ya kashe wani ma'aikacin kwashe shara a Baltimore yana bakin aiki. Ranar 30 ga Satumba na wannan shekarar dokar zafi ta jihar Maryland ta fara aiki, kuma ta shafi aikin waje da na cikin gini. In lambar zafi da danshi ta kai 80, dole mai aiki ya ba ka ruwan sha mai sanyi kyauta, wajen lita ɗaya a kowace awa, da inuwa. In ta wuce 90, hutun aƙalla minti 10 duk awa biyu. In ta wuce 100, minti 15 duk awa ɗaya, ko wani tsarin sanyaya jiki a madadinsa. Sabon ma'aikaci, da wanda ya dawo bayan kwana 7 ko fiye, kamar kai da ka je gida hutu, ana ba shi lokacin sabawa har zuwa kwana 14. Hukumar MOSH ce take sa ido, kana iya kai ƙorafi ka nemi a ɓoye sunanka, kuma doka ta hana a kore ka don ka yi maganar lafiyarka. Kariyar lafiya a wurin aiki ta kowane ma'aikaci ce, mai takardu da wanda nasa ba su kammala ba. Ƙungiyar CASA a Langley Park tana taimaka wa baƙi a kan irin wannan.

Sashen gaggawa na asibiti kuma, bisa dokar tarayya ta 1986, dole ya duba ka ya ceto ranka ko kana da inshora ko babu. Takardar kuɗi za ta iya zuwa daga baya, ana zama a daidaita ta. Kana da damar neman tafinta. Kada tsoron kuɗi ya sa ku sa ɗan'uwa a ɗaki kuna jira ya farfaɗo. In gidanku babu na'urar sanyi ko ɗumi, ƙaramar hukumar Prince George's tana buɗe wuraren fakewa in zafi ko sanyi ya tsananta, kira 311 ka tambaya.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ka yi lissafi da kanka. Minti goma na hutu, ko mako biyu a kwance kamar ƙanenmu? Su na gida kuɗinka suke so, amma kai suka fi so. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin an zagaya da karo-karon kai gawa gida ko na binnewa a nan, ba wanda yake so a yi da sunansa.

Roƙona ga tsofaffin zuwa: in sabo ya sauka a hannunka, kafin ka nema masa aiki ka nuna masa yadda ake duba yanayi a waya, ka ba shi gorar ruwa, ka ba shi tsohuwar jaket ɗinka da takalmi. A wurin aiki ku riƙa lura da juna, domin wanda zafi ko sanyi ya fara taɓa wa ƙwaƙwalwa shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa, ko a yi masa saƙon murya.

Ƙanen namu yana nan lafiya, yanzu shi ne yake bin sababbi da ruwa yana musu faɗa.

Allah Ya tsare mu, Ya ba mu lafiya da halal, Ya mai da kowa gida da ƙafafunsa. Ku tura wa wanda kuka san yana aikin sito, gini, kicin, wanki ko tuƙi.